Zaren da Na Datse a Alƙahira

Kwana huɗu muka yi a Alƙahira kafin mu ga likita, kuma kwana huɗun nan sun ishe ni in tsani garin. Ni da yayata Saratu ne, malamar firamare a Dabai. Wani ƙullutu ne ya fito mata a nonon hagu, bai kai ƙwallon kaɗanya ba. A Sakkwato aka ɗebi kaɗan aka gwada, aka ce sankara ce amma ba ta yi nisa ba. Sai dai likitan can ya ce da kayan aikin da yake da su, abin da zai iya shi ne ya cire nonon ɗungurungum. Yaya ta ce ba da ita ba. Ta ga yadda aka yi wa gwaggonmu, wadda har ta mutu ba ta sake tuɓe riga a gaban mata 'yan'uwanta ba. Mijin Yaya tsohon soja ne, wanda ya yi mata golmo, noman neman aure irin namu, shekara bakwai a gonar babanmu kafin a ba shi ita. Shi da 'yan'uwanmu na bariki suka ji cewa a Masar ana cire ciwon a bar wa mace nononta. Abin da ya kai mu ke nan, ba wani abu ba.

Ni kuwa ba don na fi kowa wayo aka haɗa ta da ni ba. Ba ni da goyo, shagon ɗinkina na Rikoto kuma ana iya garƙame shi wata biyu duniya ba ta tashi ba. Karatuna a aji shida ya tsaya. Turancina bai wuce na sayen yadi a hannun Ibo ba, su ma rabin cinikin da Hausa muke yinsa.

Masaukinmu wani ɗaki ne a hawa na shida, a unguwar da har muka baro ban iya faɗin sunanta daidai ba. Wanda ya samo mana shi Malam Haruna ne, tafintanmu, wani Bakano mai furfura a gemu da ya je karatu tun yana saurayi, ya zarce da aikin raka marasa lafiya asibiti. Waya biyu ce a hannunsa, a lokacin da a Zuru mai guda ɗaya ma kallonsa ake yi. Tun a filin jirgi yake ce mana Hajiya. Na gaya masa mu 'yan coci ne, ya ce to Madam, kafin mu kai mota ya koma Hajiya. Duk abin da ka kawo masa amsarsa ɗaya ce. Ruwa ba ya hawa bene, ba matsala. Likita ya ɗaga ranar ganinmu, ba matsala. Na ɗauka ƙasar Larabawa rana ce zalla, ko rigar sanyi ban ɗauko ba, sai ga mu muna rawar ɗari cikin zannuwa bibbiyu, shi ma ba matsala.

Abinci kuma wake da burodi, safe da rana, waken nan nasu da ake dafawa har ya fita hayyacinsa. Na zo da kuka da daddawa, amma ina garin dawa? Da wani farin gari na tuƙa abin da na kira tuwo. Yaya ta kai loma ɗaya ta ce, "Ladi, wanga ko kare na garin Danko ba ya cin shi." Muka yi dariya, muka cinye. Motoci kuwa tun asuba suke ihu da ham, kai ka ce kowane direba an yi masa mutuwa. Na yi kewar kukan zakara, ni da a gida nake jifansa da takalmi.

Rana ta biyar muka ga likitan tiyata, wani dogo mai sanƙo da gilashi. Ya duba Yaya, suka yi ta Turanci, ni ina zaune kamar kayan wanki. Da muka fito a bakin matakala na ce ta fassara mini.

"Kin san doya in ta ruɓe wuri guda?" in ji ta. "Ba ki yanke baƙin kaɗai, sai kin haɗa da ɗan fari kewaye da shi. Haka za shi yi. In ya hiddo, sai a kai ga wata likita ta shafe bayan naman da tawada, ta yayyanka shi, ta duba ga madubin likita. In ciwon bai taɓa tawada ba, an kwashe dut. In ya taɓa, akwai saura ciki, sai a koma a ƙara yanke wannan gehen."

"Gefen kawai?"

"Gehen kaɗai. Daga nan sai gashi da na'ura sati shida, mu tahi gida."

Na gane sarai. Ko mu teloli ba ma yanka yadi a kan layin alli, sai mun bar rara. Na ce a raina ashe aikin nasu ba wani abin mamaki ba ne.

Asibitin ƙarami ne, hawa biyu a cikin wani dogon gini. A can muka haɗu da Maryam, nas ɗin ɗakin tiyata, wata gajera mai jiki da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Tana gwada jinin Yaya sai ta hangi Littafi Mai Tsarki a kan gado. Ta waiga ƙofa, ta ja hannun rigarta, ta nuna mana wani ɗan gicciye shuɗi da aka zana mata a wuyan hannu. Ban san akwai Kirista Balarabe a duniya ba sai ranar. Washegari ta kawo mini tsohuwar rigar sanyinta, ja, ta yi mini yawa, amma a cikinta na ƙare zamana a ƙasar. Ba mu taɓa yin magana ba, ni da ita. Hannu da haƙora ne kawai.

Da safe aka shiga da Yaya. Wajen sha ɗaya likita ya fito da wata farar roba mai murfi, kamar wadda ake sayar da man shanu, an manna mata takarda. Yaya tana can allurar barci ba ta sake ta ba. Asibitin ba su da ɗakin gwaji nasu, al'adarsu ɗan'uwan mara lafiya ake ba wa ya kai. Likitan ya tsaya a gabanmu ya yi ta bayani da Larabci, yana nuna cikin robar, yana nuna sama, yana nuna hammatarsa. Ya daɗe yana magana. Da ya gama na dubi Malam Haruna.

"Ya ce an yi aiki lafiya. Ki kai wannan ɗakin gwaji yanzu, kada ya zube."

"Duk doguwar maganar nan?"

"Sauran surutun likitoci ne, Hajiya. Ba matsala."

Na ɗauka tare za mu je. Muna sauka ƙasa wayarsa ta yi ƙara, wai wani Alhaji ya sauka a filin jirgi da ciwon ido. Ya tsayar da tasi, ya yi wa direba bayani, ya danƙa mini takarda mai rubutun Larabci, ya rufe mini ƙofa. Kafin in buɗe baki ya tsallaka titi. Haka na tsinci kaina ni kaɗai a cikin garin da ban san gabas ba, da naman 'yar'uwata a kan cinyata.

Mun fi awa a cunkoso. Tun ba mu yi nisa ba na ji zanina ya jiƙe. Robar tana yoyo, wani ruwan magani mai hawa kai, idona ya fara yaji. Direba ya shaƙa, ya waiwayo, ya hau faɗa yana nuna kujerarsa. Na ce masa da Hausa, "Kai ma ka san ba fitsari na yi maka ba." Ya ƙara murya, na ƙara tawa, ba wanda ya ji wani. Na danne murfin da tafin hannu har yatsuna suka yi fari, ruwan bai daina fitowa ba. Magana ɗaya ce ke yawo a kaina, ita kaɗai aka ba ni: kada ya zube.

Da ya sauke ni, na shiga ginin na zauna a matakala ta farko, na duba da kyau. Wani baƙin zare ne ya leƙo ta ƙarƙashin murfin, shi ya hana shi kamawa, ta jikinsa ruwan ke bi yana ɗiga. Na buɗe. Ban so in kalla ba, amma na kalla. Wani dunƙulen abu ne rawaya kamar kitsen kaza, da zare biyu ɗaure a jikinsa, ɗaya gajere, ɗaya dogo har ya haura bakin robar.

Ina da ɗan almakashin tsinke zare da ba ya barin jakata, na zo da shi cikin akwati don aikin hannu in rage zaman banza. Na ciro shi na datse zaren daidai bakin robar. Da a nan na tsaya, da babu wannan labarin, don har a lokacin ya fi ɗan'uwansa tsawo. Amma shekara goma sha biyar ina koya wa yara cewa ba a miƙa wa mai kaya ɗinki da zare yana reto. Idona ya ƙi yarda. Na sa bakin almakashin na ɗago shi, na auna da ɗayan, na daidaita su. Har tsaki na yi. Na ce a raina, likita guda, ko datse zare bai iya ba, da a shagona ne yau sai ya ji babu daɗi. Na mayar da murfi, ya kama tsaf, na hau bene na miƙa da takardar. Na koma asibiti a ƙafa rabin hanya, ina nuna wa mutane katin asibitin, ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Kwana shida muka jira sakamako, kuma su ne kwanakinmu mafi daɗi a Masar. Maryam tana zuwa har ɗakinmu kan hanyarta ta gida ta canza bandeji. Ranar farko da aka buɗe, Yaya ta duba ƙasa ta saki ajiyar zuciya. Nonon yana nan, ɗan layin ɗinki ne kawai da kumburi. Muka sauka shagon waya ta kira mijinta, ina jin ta tana cewa, "Baban Iliya, yana nan, ba su ɗauke ba. Ka hwaɗa wa matan zumunta su ci gaba da addu'a." Ni kuwa maganar zare ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Wa ke tuna zaren da ya datse?

Rana ta bakwai muka koma. Likita ya karanta takardar, ya cire gilashi, ya sake karantawa. Ya yi wa Yaya magana a hankali, na ga fuskarta tana sauka. Sai ya danna ƙararrawa aka kira Maryam. Tana shigowa ya rufe ta da faɗa, yana buga takardar a tebur, tana girgiza kai tana nuna tsawo da yatsunta biyu, yana ƙara hawa. Ta fita tana share ido da bayan hannu.

"Yaya, mi anka ce?"

Ta amsa mini da C'lela, yarenmu, don kada Malam Haruna ya ji. Ciwon ya taɓa tawada a gefe ɗaya, akwai saura a ciki. Wannan ba shi ne tashin hankalin ba, ana samun haka. Matsalar ita ce ba a san wane gefe ba ne. Nama in ya fita daga jiki ba shi da sama ba shi da ƙasa, shi ya sa likita ke ɗaura masa zare biyu kafin ya bar ɗakin tiyata. Gajere yana nufin sama. Dogo yana nufin wajen hammata. To ɗakin gwaji sun rubuto cewa zare biyun da suka gani tsawonsu ɗaya. Ciwon yana kusa da ɗaya daga ciki, amma wanne ne shi, na sama ko na hammata? Likita ya ce shi ya ɗaura, Maryam ce ta yanka masa, don haka ita ta yi sakaci.

 Rigar Maryam ce a jikina, ina zufa a cikinta. Zan so in ce nan take na miƙe na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na bi Yaya a baya muka hau benenmu hawa shida, na dafa shinkafa, na kasa ci. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina ta gaya wa kaina wataƙila ba wannan zaren ake nufi ba, alhali na san babu wani zaren.

Washegari da hantsi Maryam ta zo canza bandeji kamar kullum, idanunta a kumbure. Da hannu ta nuna mana an cire ta daga ɗakin tiyata, an mayar da ita wankin kayan aiki. Duk da haka ta kawo mana lemo guda huɗu a leda. Lemon nan ne ya karya ni. Tana fita na durƙusa a gaban gadon.

"Yaya, ni ce. Ni na yanke zaren."

Ta dube ni kamar na yi mata Larabci. Na kwashe komai na gaya mata, yoyon, direban, matakalar, har tsakin da na yi.

"Kin datse don murhi shi kama," in ji ta a hankali. "Wannan na ji. Na biyun fa? Mi ya kai ki?"

"Bai yi daidai ba ne."

"Bai yi daidai ba." Ta maimaita, ta kalli bango. Na jira mari, na jira zagi, don Yaya a aji ba ta da wasa. Sai cewa ta yi, "Sa takalminki."

A hanya muka kira Malam Haruna, ya same mu a ƙofar asibiti. A nan na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce mutumin nan ya nuna sama, ya nuna hammata, ya yi maka bayanin zaren nan, ka haɗiye ka ce surutu ne.

"Haba Hajiya," in ji shi, ko a jikinsa. "In zan fassara duk abin da likitocin nan ke faɗa, yaushe zan gama da mutane? Ni na ce ki buɗe? Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda aka aika da roba ya yi mata aski ba."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, rabinta. Na ce masa Allah ya isa, ya ce amin, ya ɗaga wayarsa.

Likita ya saurari Yaya har ta gama. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce in nuna masa almakashin. Na ciro. Ya juya shi, ya ajiye a tebur, ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. Ya aika aka kira Maryam, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta zaro ido ta dube ni. Na kasa ɗaga kai. Ta zo ta wuce ta gefena, ta ɗan ja kunnena kamar yadda ake yi wa yaro, ta fita. Da ta tofa mini yawu da ya fi mini sauƙi.

Sai wata dabara ta zo mini. Na ce wa Yaya ai na san wanda na yanke, in an nuna mini naman zan nuna. Muka ɗauki tasi muka koma ɗakin gwajin, hanyar nan dai da na sha wuya a kanta. Likitar can wata dattijuwa ce mai ɗankwali, ta karɓe mu da mutunci, har shayi ta sa aka kawo. Amma naman babu shi yadda na san shi. An yayyanka, an mayar da shi wasu 'yan gilasai sirara, zaren kuma an zubar tun ranar. Ta ɗora ɗaya a madubin ta ce in leƙa. Na ga wani abu ja-ja da shuɗi-shuɗi kamar atamfa, da baƙin layi a bakinsa. Ta ce baƙin layin ne tawadar, waɗannan masu cunkoson da suka manne masa su ne ciwon. Ta ce da ranar da na kawo robar na buɗe baki, da ta duba bakin zaren ta gane sabon yanka. Ihu bayan hari ke nan.

Abin da ya rage shi ne zanen da ta yi a takardarta kafin ta yanka: wani dunƙule, da zare na ɗaya da zare na biyu. Ciwon yana wajen na ɗaya. Na ƙura wa zanen ido. Na tuna dogon zaren yana wajen da naman ya ɗan yi tsini. A zanen ma ga tsini nan kusa da na ɗaya. Na dangwala yatsa na ce wannan ne dogon, na rantse. Ke nan saura yana wajen hammata, sama lafiya lau.

Muka koma wa likitan tiyata da wannan albishir. Ya girgiza kai tun Yaya ba ta rufe baki ba. Ya ce ba zai sa wuƙa a jikin mutum bisa abin da wata ta tuna ta gani a matakala, cikin ruwan magani, idonta yana hawaye ba. Hanya biyu ce. Ko ya yanke gefen biyu duka, sama da hammata, nonon kuwa ba babba ba ne, zai ragu sosai ya karkace. Ko ya cire shi gaba ɗaya a huta.

Nan na manta ni ce mai laifi. Na miƙe tsaye na ce wa Yaya ta gaya masa ni tela ce, da ido nake cin abinci, mace in ta shigo shagona kafin in ɗauko tef na san ƙugunta. Na ce ta gaya masa mun baro ƙasarmu, mun sha sanyi, mun ci wake har mun gaji, don a bar mata nononta ne, ba don ya yi ta yankarta kamar kabewa ba. Ina magana ina buga ƙirji, ga hawaye, ga majina. Yaya ba ta fassara ko kalma ɗaya ba.

"Zauna, Ladi," in ji ta. "Kin yi naki."

Ta juya ta ce masa ya yanke biyun.

Aiki na biyu ya fi na farko daɗewa. Wannan karon roba biyu aka fito da su, kowace da rubutu a jikinta da kuma a murfinta, Maryam da kanta ta sa mayafi ta kai. Ko kallonsu ba a bar ni na yi ba. Muka sake zaman jira, amma ba irin na farko ba. Yaya ba ta yi fushi da ni a fili ba. Tana cewa miƙo mini ruwa, tana cewa sannu da aiki, shi ke nan. Ba ta sake zuwa shagon waya ba, ni take aika in ce wa mijinta ana ci gaba da magani. Ni kuma cikina cike da haushin likitan, ina jiran takarda ta fito ta nuna masa cewa da ya ji maganata da bai ɓata naman sama a banza ba. Har na shirya abin da zan sa a gaya masa.

Takarda ta fito. Naman wajen hammata, inda na rantse, babu komai a cikinsa, fes yake. A na sama aka sami ragowar ciwon, ɗan mitsitsi, kuma sabon bakin bai taɓa tawada ba. An kwashe duka. Likita bai ma dube ni ba. Na zauna ina lissafa abin a raina. Da ya bi rantsuwata, da mun koma Zuru da ciwon a ƙirjinta muna godiya ga Ubangiji. Da kuma ban taɓa zaren ba, da naman hammatar nan yana jikinta. Ta kowace hanya na bi, ni nake tararwa a tsaye. Har yau in na rufe ido, wajen tsinin nan nake ganin dogon zaren, kuma har yau ban san yadda aka yi idona ya yi mini ƙarya ba.

Bayan kwana goma aka cire zaren ɗinki, aka ce ta daina sa bandeji kafin a fara gashi. Muka hau ɗakinmu da rana tsaka. Babu madubi a ɗakin sai wani ɗan ƙarami a banɗaki, can sama, fuska kawai yake nunawa. Yaya ta zauna a bakin gado ta kwance zani, ta cire audugar da kanta, ta ɗaga kai tana kallon silin.

"Duba ki hwaɗa mani. Kar ki yi mani irin ta Malam Haruna."

Na duba. Na so in ce ba laifi, bakina ya ƙi.

"Ya ragu, Yaya. Bai wuce rabin ɗayan da yawa ba. Ya lotsa ta sama, ya lotsa ta gefe, kan ya juya yana kallon hammata."

"Lotsawar gehen ita ce taki?"

"Ita ce."

Sai a lokacin ta sunkuya ta kalla. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta bi ramin gefen a hankali, daga farkonsa har ƙarshe, hawaye yana ɗiga a kan hannunta, ba ta share ba. Ni ma ina kuka, amma na toshe bakina, don ban ga ina da hurumin a ji nawa ba.

"Baban Iliya ba zai ji wanga magana ba," in ji ta. "Ko shi, ko Mama, ko kowa a Dabai. Ciwo ne ya ci har nan. Kin ji ni?"

"Yaya, ki bari in faɗa musu. Ki bari su zage ni, ko na samu sauƙi."

"Sauƙi kike nema?" Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun ranar da na durƙusa mata. "A'a. Ni zan ɗauki nawa ga ƙirji, ke ki ɗauki naki ga baki."

Ta jawo rigarta ta makaranta daga kan akwati, mai ruwan toka, wadda ni na ɗinka mata. Ta sa, ta ɓalla maɓallai. Gefen dama ya cika, gefen hagu ya zube, yadin ya tattare ya yi aljihu. Ta ja shi, ta sake, ya koma ya zube. Ta cire rigar ta jefo mini a cinya.

"Ke kinka rage," in ji ta. "Ke za ki cike."